Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani: Tarihin Bijirewar Ƙwayoyin Cuta da Neman Mafita

Gabatarwa

A cikin watan Fabrairu na shekarar 1941 wani ɗan sanda mai suna Albert Alexander ya na kwance a asibitin birnin Okisfod ta ƙasar Ingila, ƙwayoyin cuta sun cinye masa fuska har an cire masa ido guda. Likitoci suka yi masa allurar wani sabon magani da a ke kira fenisilin. Kafin kwana biyu zazzaɓi ya sauka, ya fara cin abinci. To, amma maganin kaɗan ne ƙwarai, har sai da a ka riƙa tace shi daga fitsarin majinyacin a na sake yi masa allura da shi. Bayan kwana biyar ya ƙare ƙaf, cuta ta komo, mutumin ya rasu a watan Maris.

A wancan lokaci rashin magani ne ya kashe majinyaci. A yau kuwa, bayan shekara tamanin da ɗoriya, a kan sami majinyaci a kwance, magani na jibge a gefensa, amma ya daina ci. Wannan takarda za ta bi diddigin yadda a ka zo ga wannan hali, sa'an nan ta duba hanyoyin da masana su ka bi, su ke kuma bi, domin neman wani makami. Za ta fi tsayawa a kan wata tsohuwar hanya wadda ta girmi fenisilin, a ka yar da ita, daga baya a ka koma nemanta.

Kalmomi biyu su na bukatar bayani. Bakteriya wasu halittu ne ƙanana da ido ba ya gani, su ne ke haddasa cututtuka irin su tarin fuka da taifot da kwalara da sanƙarau da ciwon sanyi. Antibayotik kuwa shi ne maganin da ke kashe su ko ya hana su hayayyafa. Ba ya taɓa bairos, watau irin ƙwayar da ke kawo mura da ƙyanda, domin ginin jikinsu daban ne.

Zuwan Fenisilin

A watan Satumba na 1928 Alexander Fleming, wani likita a asibitin St Mary's ta Landan, ya dawo daga hutu ya tarar funfuna ta tsiro a cikin wani faranti da ya ke renon bakteriya. Abin da ya ɗauki hankalinsa shi ne, duk kewayen funfunar nan bakteriyar ta narke. Ya buga bayanin abin da ya gani a 1929, amma bai iya tace sinadarin ya adana shi ba. Sai bayan shekara goma Howard Florey da Ernst Chain da Norman Heatley su ka ɗauki aikin a Jami'ar Okisfod, su ka gwada shi a kan ɓeraye a 1940, sa'an nan a kan mutane. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa kamfanonin Amurka su ka shiga yin sa da yawa, har ya wadaci sojojin da su ka ji rauni a 1944.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. A 1943 Albert Schatz da Selman Waksman su ka samo sitireftomaisin daga wata ƙwaya ta cikin ƙasa, shi ne maganin farko da ya ci tarin fuka. Kuloramfenikol da tetarasaikilin da iritiromaisin duk sun biyo baya cikin shekara goma. Mace mai jego da zazzaɓi ya kama, da yaro mai ciwon haƙarƙari, da wanda a ka yi wa tiyata, duk su ka riƙa tashi daga cututtukan da a da su ke kai mutum kushewa.

Ya kamata a lura cewa ɗan Adam bai ƙirƙiri waɗannan sinadarai ba, tsintar su ya yi. Funfuna da ƙwayoyin ƙasa sun daɗe su na yaƙar juna da su. A 1980 George Armelagos da ɗalibansa sun sami alamar tetarasaikilin a ƙasusuwan mutanen Nuba na ƙasar Sudan waɗanda su ka rayu tsakanin shekara ta 350 da ta 550, a na kyautata zaton daga giyar hatsi da su ke sha ne. Tun da kuwa makamin tsoho ne, garkuwarsa ma tsohuwa ce. A 2011 masana a Kanada sun tono ƙasa mai ƙanƙara da ta shekara 30,000, su ka tarar da ƙwayoyin gado na bijire wa antibayotik a cikinta.

Yadda Bijirewa Ta Fara

Tun a 1940, kafin a yi wa Albert Alexander allura, Edward Abraham da Chain sun ba da rahoton wani sinadari da wasu bakteriya ke fitarwa wanda ke karya fenisilin. Shi kansa Fleming, a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a watan Disamba na 1945, ya yi gargaɗin cewa lokaci na iya zuwa da kowa zai sayi fenisilin a kanti, wanda bai sani ba ya sha abin da bai kai ƙima ba, ya koya wa ƙwayoyin jikinsa jure masa.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar fahimta. Wasu bakteriya, in sun sami wuri mai kyau, su kan rabu biyu cikin minti 20, saboda haka guda ɗaya ta kan zama miliyoyi kafin gari ya waye. A cikin wannan yawa ba a rasa 'yan kaɗan da halittarsu ta ɗan sauya, maganin ba ya kama su. Idan a ka sha magani, sai ya share masu rauni ya bar waɗannan, fili ya zama nasu, su hayayyafa. Ke nan duk lokacin da a ka yi amfani da antibayotik, ko bisa ƙa'ida ko ba bisa ƙa'ida ba, a na yi wa masu bijirewa sharar gona. Bambancin kawai shi ne, amfani bisa ƙa'ida ya na ceton rai, na banza kuwa hasara ce zalla.

Gargaɗin Fleming bai daɗe ba ya tabbata. Mary Barber, wata likita a asibitin Hammersmith ta Landan, ta riƙa ƙidaya ƙwayoyin sitafilokokas, masu kawo maruru da ruɓewar rauni, waɗanda fenisilin ya daina ci. A 1946 kashi 14 ne cikin 100, a 1948 sun kai kashi 59. A ka fito da metisilin domin ya maye gurbinsa, a 1961 Patricia Jevons ta ba da rahoton ƙwayoyin da su ka gagare shi.

Labari mafi tayar da hankali daga Japan ya fito. A tsakiyar shekarun 1950 likitocin ƙasar sun fara ganin ƙwayar atuni wadda ta bijire wa magani huɗu a lokaci guda. A 1959 masana su ka nuna cewa bakteriya na iya miƙa wa wata wannan hali, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, ta hanyar wani ɗan zobe na ƙwayoyin gado da ke ratsawa daga jiki zuwa jiki. Tsutomu Watanabe ya bayyana wa duniya wannan a 1963. Ma'anarsa ita ce, ƙwaya marar cutarwa da ke zaune a hanjin mutum ko na kaza ta na iya riƙe garkuwa ta ba mai kisa aro.

Batun kaza ba misali ne kawai ba. A 1950 Robert Stokstad da Thomas Jukes sun bayyana cewa idan a ka zuba ɗan antibayotik a abincin kaji su kan yi saurin girma. Nan da nan manoman Amurka da Turai su ka mai da shi abincin yau da kullum ga kaji da aladu da shanu, lafiyarsu ƙalau. Kwamitin Swann a Ingila ya ja kunne a 1969, Suwidin ta hana a 1986, amma Tarayyar Turai ba ta hana gaba ɗaya ba sai a 2006. A 2015 an gano a aladun ƙasar Sin wata ƙwayar gado mai ratsawa wadda ke karya kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai an rasa yadda za a yi.

A ɗaya gefen kuma rijiyar sababbin magunguna ta fara ƙafewa. Tun ƙarshen shekarun 1980 samun sabon dangin antibayotik ya yi wuya, manyan kamfanoni da yawa su ka janye. Dalilin na kasuwa ne: maganin hawan jini a na shan sa har ƙarshen rai, antibayotik kuwa na mako guda ne, in kuma sabo ne mai kyau sai likitoci su kulle shi domin ranar tsanani. Kamfanin Achaogen na Amurka ya sami izinin sayar da sabon maganinsa a 2018, ya karye a 2019.

Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, fiye da waɗanda maleriya ko ƙanjamau su ka kashe a shekarar, ta kuma sa hannu a mutuwar miliyan 4.95. Inda abin ya fi tsanani, gwargwadon yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma, mutum 27 cikin kowane 100,000.

Maci-Bakteriya: Hanyar da A Ka Yar

Shekara 13 kafin farantin Fleming, watau a 1915, Frederick Twort a Landan ya ga wani abu da ke narkar da bakteriya, wanda ke ratsa mataci mafi ƙanƙantar ido. Yaƙi ya katse masa aiki. Wanda ya ɗauki al'amarin da gaske shi ne Félix d'Hérelle, mutumin da bai yi karatun jami'a mai zurfi ba, ya koya wa kansa ilmin ƙwayoyin cuta a yawon da ya yi a Gwatamala da Meziko. A Meziko, wajen 1910, ya yi ƙoƙarin kashe fari da wata cuta ta cikinsu. Tun daga nan tunaninsa ya karkata ga cewa a na iya tura halitta ta kashe halitta.

A 1915 atuni ya ɓarke a cikin wata rundunar sojan doki kusa da Faris. D'Hérelle, a lokacin ya na Cibiyar Pasteur, ya tace bayan-gidan waɗanda su ka fara warkewa, ya ɗiga ruwan a kwalbar da ta yi duhu saboda yawan ƙwayar atuni. Da gari ya waye sai ya tarar ruwan kwalbar ya yi garau. A watan Satumba na 1917 ya ba da rahoto cewa wannan wani bairos ne da ke rayuwa a jikin bakteriya, ya raɗa masa suna bakteriyofej, watau maci-bakteriya, a taƙaice fej.

Aikin fej shi ne, ya kan manne a jikin bakteriya ya tsiyaya mata ƙwayoyin gadonsa, ya tilasta mata ta ƙera irinsa da yawa, har ta fashe su fito su nemi wasu. Ya na da halaye biyu da antibayotik ba shi da su. Na farko, ya na ƙaruwa a inda cutar ta ke, ya ƙare idan ta ƙare. Na biyu, kowane fej da irin bakteriyar da ya ke ci, ba ya taɓa sauran, balle naman jikin mutum. A na samun sa ko'ina a ke samun bakteriya, a kwata da kogi da ƙasa.

A 1919, a asibitin yara na Faris, d'Hérelle da abokan aikinsa su ka fara shan ruwan fej da kansu domin su tabbatar ba ya cutarwa, sa'an nan su ka ba wani yaro mai atuni, ya warke. A 1925 a Iskandariyya ta Masar ya yi wa mutum huɗu masu annobar da ƙumar ɓeraye ke yaɗawa allurarsa, duk su ka tashi. A 1927 ya tafi Indiya, inda a ka riƙa ba masu kwalara fej, a na kuma zuba shi a rijiyoyin ƙauye. Sunansa ya cika duniya, kamfanoni a Faransa da Amurka su ka shiga sayar da fej a kwalabe.

To, me ya sa a ka yar da shi? Dalilan sun haɗu ne. Masu sayarwa sun yi ta zuzuta shi a kan cututtukan da ba na bakteriya ba ne, wasu kwalaben kuma sinadarin adanawa ya riga ya kashe abin da ke ciki. Likitoci ba su gane cewa sai an dace fej da ƙwayarsa ba. Gwaje-gwajen d'Hérelle ba su da tsarin kwatanta waɗanda a ka ba da waɗanda ba a ba ba, shi kuma mutum ne mai zafin jayayya, ya tara abokan gaba a cikin manyan masana. Ba wanda ya ga fej da ido sai a 1940, da Helmut Ruska ya ɗauki hotonsa da madubin lantarki a Jamus. A 1934 wani rahoto da a ka rubuta wa Ƙungiyar Likitocin Amurka ya ce hujjar amfaninsa ba ta da ƙarfi. Sai ga maganin salfa a 1935, ga fenisilin a bayansa, masu sauƙin yi da ajiya, masu cin cututtuka da yawa ba sai an tantance ba. D'Hérelle ya rasu a Faris a 1949, duniya ta juya masa baya.

Tibilisi Ta Riƙe Amana

A Tibilisi kuwa aikin bai mutu ba. Giorgi Eliava, wani likita ɗan ƙasar Jojiya wanda ya yi aiki da d'Hérelle a Faris, ya kafa cibiyar binciken ƙwayoyin cuta a Tibilisi a 1923. D'Hérelle ya ziyarce shi a tsakiyar shekarun 1930, har an gina masa gida a harabar. Amma a 1937, a lokacin kashe-kashen mulkin Stalin, a ka kama Eliava a ka kashe shi, d'Hérelle bai sake komawa ba. Cibiyar ta ci gaba, domin Tarayyar Sobiyet ba ta da wadatar antibayotik, sojojinta kuma su na bukatar maganin atuni da na ruɓewar rauni.

A 1963 zuwa 1964 an yi wani gwaji a Tibilisi da yara 30,769. Yaran gefe ɗaya na titi a na ba su ƙwayar fej sau ɗaya a mako, na ɗaya gefen a na ba su ƙwayar da ba kome a cikinta. Atuni ya kama waɗanda ba a ba fej ba kusan ninki huɗu. An buga sakamakon da Rashanci a taƙaice, a tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, masanan Yamma ba su kula ba. Haka nan a birnin Wroclaw na Folan, Cibiyar Hirszfeld ta ci gaba da irin wannan aiki, ta buɗe sashen jinya da fej a 2005.

Komawa Ga Tsohuwar Zuma

A ƙarshen 2015 wani malamin jami'a Ba'amurke, Tom Patterson, ya kamu da rashin lafiya ya na yawon buɗe ido a Masar. A ka tarar da wata bakteriya a cikinsa mai suna asinetobakta wadda ta gagari duk maganin da a ke da shi. A ka mai da shi asibitin jami'arsa a San Diyego, ya suma, gaɓoɓinsa su ka fara tsayawa. Matarsa, Steffanie Strathdee, masaniyar annoba ce, ita ta nemi taimakon masu binciken fej a Jami'ar Texas A&M da rundunar sojan ruwa ta Amurka. Su ka zaɓo waɗanda ke cin ƙwayar, wasu daga ruwan kwata. A watan Maris na 2016 a ka sa masa su ta jijiya, cikin 'yan kwanaki ya farfaɗo. Jami'ar ta kafa cibiyar jinya da fej a 2018. A shekarar nan kuma Beljiyam ta yi dokar da ta ba masu haɗa magani damar haɗa wa majinyaci fej nasa na kansa bisa takardar likita.

A 2019 an ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 15 a Landan wadda a ka yi wa dashen huhu, wata dangin ƙwayar tarin fuka ta bazu a jikinta. Graham Hatfull na Jami'ar Pittsburgh ya haɗa mata fej uku, biyu an gyara musu ƙwayoyin gado, ɗaya kuwa wata ɗaliba ce ta samo shi a jikin ruɓaɓɓen gauta a Daban ta Afirka ta Kudu. Raunukanta su ka fara rufewa, ta koma gida.

Sai dai labarin mutum ɗaya ko biyu ba ya zama hujja a ilmin likita, kuskuren d'Hérelle ke nan. Gwajin da a ka yi a Faransa da Beljiyam tsakanin 2015 da 2017 a kan masu ƙuna bai yi nasara ba, domin ƙarfin fej ɗin ya ragu ƙwarai a ajiya kafin a shafa shi. Bugu da ƙari, bakteriya na bijire wa fej kamar yadda ta ke bijire wa antibayotik. An ga haka a jikin Patterson, sai da a ka sauya masa wasu. Abin da ke ba da ƙarfin guiwa shi ne fej mai rai ne, shi ma ya na sauyawa, kuma sau da yawa ƙwayar da ta kauce masa ta kan rasa wani abu na garkuwarta, antibayotik ya koma ya na cin ta.

Sauran Hanyoyi

Akwai masu neman sabon antibayotik ta sabuwar dabara. A 2015 an samo teksobaktin daga ƙwayoyin ƙasa da a da ba a iya renon su a ɗakin gwaji. A 2020 masana a Amurka sun sa kwamfuta ta tace dubban sinadarai ta fito da halisin. Duka biyun matakin bincike ne su ka nuna, tsakaninsu da kantin magani akwai tafiya. Akwai kuma dashen bakteriya masu amfani daga hanjin mai lafiya zuwa na majinyaci, wanda wani gwaji a Holan ya tabbatar a 2013 cewa ya fi antibayotik warkar da wata muguwar gudawa mai yawan komowa.

Amma hanyar da ta riga ta nuna aikinta a fili ita ce rigakafi, kuma ƙasar Hausa shaida ce. A annobar sanƙarau ta 1996 mutum fiye da 100,000 sun kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 sun rasu, mafi yawansu a Arewa. A watan Disamba na 2010 a ka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, a ka shigo da ita Arewacin Nijeriya a 2011. Nau'in sanƙarau na A, wanda ke kawo manyan annoba, ya kusan ɓacewa. Da wasu nau'o'in su ka taso, kamar na C a Nijar a 2015 da Zamfara da Sakkwato a 2017, sai a ka ƙera allura mai tare nau'i biyar, Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta yi amfani da ita a 2024. Haka Fakistan ta yi a 2019, bayan taifot mai gagarar kusan kowane magani ya ɓarke a lardin Sind a 2016. Duk yaron da bai kamu ba, ba a ba shi antibayotik ba, ba a kuma ba ƙwaya damar koyon bijirewa ba. Tsabtataccen ruwan sha da wankin hannu a asibiti irin wannan aiki su ke yi.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna abu uku. Na ɗaya, ba a taɓa fito da antibayotik da bakteriya ba ta sami hanyar kauce masa ba, saboda haka kowane magani dukiya ce mai ƙarewa, ta kowa da kowa. Na biyu, an yar da fej ne tun ba a gama auna shi ba, saboda siyasa da kasuwa da sakacin bincike, a ka yi hasarar shekaru masu yawa. Na uku, abin da ya fi ceton rai shi ne hana cutar kamawa.

Nijeriya ta fitar da tsarinta na ƙasa kan wannan matsala a 2017, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince a 2024 a rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Cikar wannan alkawari ba a ɗakin taro ta ke ba. Ta na a kemis ɗin unguwa inda a ke sayar da kafso biyu ga mai mura, da faifan mai talla da rana ke dukan magani a tasha, da gidan kaji inda a ke zuba magani a ruwan sha ba da sanin likitan dabbobi ba, da asibitin da ba shi da ɗakin gwajin da zai faɗi wace ƙwaya ce da wane magani ke cin ta. Ɗalibin da zai zama likita ko malami, da ma'aikacin da ke rubuta kasafin ma'aikatar lafiya ko ta ruwa ko ta gona, kowannensu ya na da hannu a waɗannan wurare. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A zamanin da magani ke daina ci, maganar ta ƙara nauyi.